Yadda Ake Samo Hoto da Rage Masa Nauyi Kafin a Ɗora Shi a Shafin Intanet

Duk wanda ya kawo mini shafinsa yana ƙorafin ba ya buɗewa da wuri, hotunan nake fara dubawa kafin in taɓa komai, domin galibi a nan gizo yake saƙa. Rubutu mai kalma 2,000 bai cika haura kilobayit 15 ba. Hoto guda da aka ɗauka da waya aka ɗora yadda ya fito kuwa yana iya kai megabayit 4, wato ya ninka rubutun sama da sau 250. Ka zuba irinsa shida a shafi ɗaya, mai karatu zai gaji da jira ya kama gabansa, datarsa kuma ta ƙone a banza.

Aikin ba shi da wuya, amma yana da jeri. Ka fara tabbatar da kana da ikon amfani da hoton, ka yanke shi, ka rage faɗinsa, sai daga ƙarshe ka matse shi. Wanda ya fara da matsewa ya bar faɗin yadda yake, aikin baban giwa ya yi.

Kayan aiki

- Kwamfuta, ko waya idan ita ce a hannu. Duk abin da zan lissafa yana yiwuwa a waya, sai dai auna gurbi da ya fi sauƙi a kwamfuta.
- Squoosh, a squoosh.app. A cikin burauza yake aiki, kuma hoton ba ya barin na'urarka. Da shi za ka rage faɗi, ka sauya tsari, ka matse.
- Abin yanke hoto: GIMP, ko Photopea, ko manhajar hotuna da ta zo da wayarka.
- TinEye ko Google Lens, don gano asalin hoto.
- PageSpeed Insights, don gwaji a ƙarshe.
- Folda biyu, ɗaya ta hotunan asali, ɗaya ta waɗanda aka gyara.
- Jadawali ko ɗan littafi na rubuta inda kowane hoto ya fito.

Mataki na 1: Auna gurbin tukuna

Da fiksel ake auna hoto, wato ƙananan ɗigogin launi da suka taru suka tayar da shi. Kafin ka tafi nema, ka san faɗin gurbin da hoton zai zauna. Buɗe shafinka da Chrome ko Firefox a kwamfuta, danna wani hoto da ke wurin da maɓallin dama na linzami, zaɓi Inspect, sai ka ɗora linzamin a kan layin hoton. Za a nuna maka faɗi da tsayi. A yawancin shafuka gurbin rubutu tsakanin fiksel 700 zuwa 800 yake, babban hoton sama mai cika allo kuma 1,600 zuwa 1,920. Idan ba ka da halin aunawa, fara da 800 ga hoton cikin rubutu.

Ka kuma lura ko gurbin a kwance yake ko a tsaye. Hoton tsaye da aka cusa a gurbin kwance, kan mutum ake fara rasawa.

Mataki na 2: Samo hoton

Nan ne ake yin kuskuren da ya fi tsada, don haka bari mu ɗan zauna a kansa.

Hoto ba ya zama na kowa don kawai ya fito a injin bincike. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda yawancin ƙasashen duniya suka shiga, haƙƙin mallaka yana hawa kan aiki da zarar an ƙirƙire shi. Mai hoto ba ya buƙatar rajista, ba ya buƙatar sa wata alama a jiki. Kuma rubuta “daga intanet” ko ambaton sunan mai shi ba izini ba ne. Na koyi wannan a jikina: a farkon shigata harkar na ɗauko hoton wata gada na sa a shafin wani da nake wa aiki, bayan fiye da shekara sai ga wasiƙa daga wani kamfanin dillancin hotuna yana neman a biya shi. Na cire hoton a ranar, amma cirewar ba ta kashe maganar ba, domin an riga an yi amfani da shi.

Hanyoyin da babu fargaba a cikinsu su ne waɗannan.

*Hoton da ka ɗauka da kanka.* Shi na fi so, musamman ga mai sayar da kaya ko mai koyar da sana'a, don mai karatu yana gane hoton gaske. Goge gilashin kyamarar, tsaya inda hasken taga zai sauka a kan abin ba a bayansa ba, kada ka zuƙo da yatsa, gara ka matsa kusa. Bar fili a gefe saboda yankewa. Idan fuskar mutum za ta fito, nemi yardarsa, in yaro ne ta iyayensa. Idan wani ne zai turo maka ta WhatsApp, ka ce ya turo a matsayin fayil, domin turawa ta hanyar da aka saba tana matse hoton tun kafin ya iso gare ka.

*Rumbunan hotunan kyauta.* Unsplash, Pexels da Pixabay sun yarda a yi amfani da hotunansu har a harkar kasuwanci, ba tare da an wajabta ambaton mai ɗauka ba, ko da yake ambaton karamci ne. Ba su yarda ka sayar da hoton yadda yake ba. Sukan kuma cakuɗa hotunan sayarwa a cikin sakamakon bincike, saboda haka duba da kyau kafin ka sauke. Abu na uku shi ne wanda aka fi mantawa: lasisin ya shafi haƙƙin mai ɗauka ne kawai. Fuskar mutumin da ke ciki da tambarin kamfanin da ya fito a rigarsa magana ce daban, kada ka haɗa su da tallar magani ko siyasa yadda za a zaci suna goyon baya. Da Turanci rumbunan suka fi fahimtar bincike. Ni dai ba na ɗaukar hotunan layin farko, don su kowa yake ɗauka, har mai karatu ya haddace su.

*Lasisin Creative Commons.* An kafa ƙungiyar a Amurka a 2001, ta fitar da lasisinta na farko a Disambar 2002. Irin waɗannan hotuna suna Wikimedia Commons, Openverse da Flickr. Haruffan da ke jikin lasisin su ne sharuɗɗan:

- CC0: mai shi ya sallama haƙƙinsa, yi yadda ka ga dama.
- BY: dole ka ambaci mai shi.
- SA: in ka sarrafa hoton ya zama wani abu, sabon ma da irin lasisin zai fita.
- NC: ban da kasuwanci. Idan shafinka yana da talla ko kana sayar da wani abu, bar shi kawai.
- ND: ban da sauyawa. Juya shi zuwa wani tsarin fayil ba laifi ba ne a fitowa ta 4.0 ta lasisin, amma yankewa ko rubutu a kansa na iya zama.

Wikimedia Commons ba ta karɓar hoto mai NC ko ND, shi ya sa nake fara leƙawa can idan ina neman hoton wani wuri, dabba, na'ura ko abin tarihi.

*Dukiyar jama'a.* Yawancin hotunan NASA ba su da haƙƙin mallaka, kuma gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya saki dubban ɗaruruwan hotunan kayansa da CC0 a 2017.

*Na saye.* Shutterstock, Adobe Stock, Getty Images. Adana rasit. Wasu hotunan an ware su don labarai kawai, ba a talla da su.

Hoton da ƙirƙirarriyar basira ta zana yana iya cike gurbi idan an rasa. Ƙirga yatsu, karanta duk rubutun da ya fito a ciki, karanta sharuɗɗan manhajar, kuma kada ka gabatar da shi kamar hoton abin da ya faru da gaske.

Mataki na 3: Bincika, rubuta, sauke

Wani yakan ɗora hoton da ba nasa ba a rumbun kyauta. Idan hoto ya yi kyan da ya sa ka shakka, jefa shi a TinEye ko Google Lens. In ka gan shi a rumbun sayarwa da sunan wani daban, rabu da shi.

Rubuta abu biyar a jadawalinka: sunan fayil, adireshin shafin da ka ɗauko, sunan mai ɗauka, lasisi, da ranar da ka sauke. Ni har hoton allon nake ɗauka, saboda mai hoto yana iya goge shi daga baya, kai kuma a bar ka ba hujja. Idan lasisin mai BY ne, sa bayanin a ƙasan hoton: sunan hoton, mai shi, mahaɗa zuwa asali, da sunan lasisin tare da mahaɗarsa. In ka yanke, ka faɗa.

Sauke hoton ka ɗora a sabarka, wato kwamfutar da shafinka yake zaune a kanta. Kada ka kwafo adireshin hoto daga shafin wani ka liƙa a naka. Zanen aro ba ya rufe katara: ranar da ya cire hoton naka gurbin zai zama rami, kafin nan kuma kana cin ƙarfin sabarsa.

Mataki na 4: Adana asali, sannan ka yanke

Sa mafi girman kwafin da ka samu a foldar asali, kada ka ƙara taɓa shi. A kan kwafi za ka yi aiki. Yanke duk abin da bai ƙara komai ba, rufi, ƙasa, mutumin da ke wucewa. Hotunan da za su jeru a layi ɗaya, ba su siffa ɗaya, ko 4:3 ko 16:9 ko murabba'i.

Mataki na 5: Rage faɗi

Mafi yawan nauyin a nan yake zubewa. Kyamara mai megafiksel 12 tana fitar da hoto mai faɗin 4,000 da tsayin 3,000, fiksel miliyan 12 ke nan. Ka mayar da shi 1,600 da 1,200, saura miliyan 1.92. Ka kai shi 800 da 600, saura 480,000, kashi ɗaya cikin 25 na asali. Ba a ma fara matsewa ba tukuna.

Ka tuna burauza ba ta rage maka nauyi. In ka ɗora mai 4,000 a gurbin 800, za ta sauke shi ɗungurungum sannan ta nuna shi ƙarami.

To me ya sa ba za a tsaya a 800 kawai ba? Allon wayoyi da kwamfutocin zamani yana cusa ɗigo biyu ko uku a inda tsohon allo ke sa ɗaya, don haka hoto mai daidai faɗin gurbi yakan ɗan yi dishi-dishi a kansu. Maganin shi ne ka fitar da kwafi biyu, mai faɗin gurbin da mai ninkinsa: 800 da 1,600. Ninki uku ɓarnar data ne, idona bai taɓa ganin bambancin ba. Idan kwafi ɗaya tak za ka iya ɗorawa, 1,200 ya wadatar ga gurbin 800.

A Squoosh, ja hoton ka saki a shafin, kunna Resize, rubuta faɗin, ka bar alamar da ke riƙe daidaiton faɗi da tsayi a kunne don kada fuska ta baje. Kada ka taɓa ƙara wa ƙaramin hoto girma, abin da babu ba ya dawowa. Batun DPI kuwa, wato yawan ɗigo a kowane inci na takarda, ko 72 ko 300, na maɗaba'a ne. Allo yawan fiksel kawai ya sani.

Mataki na 6: Zaɓi tsarin fayil

JPEG ya fito a 1992, kuma har yau babu na'urar da ba ta buɗe shi. Na hoton kyamara ne. PNG na 1996 ba ya zubar da komai, yana kuma iya barin bayan hoto wayam a hango abin da ke ƙarƙashi, don haka ya dace da hoton allo da zane mai launi kaɗan. Adana hoton kyamara a PNG na cikin manyan kurakuran 'yan koyo, yakan ninka na JPEG sau da yawa.

WebP na Google ne, tun 2010. A gwajin da kamfanin ya wallafa, ya fi JPEG rashin nauyi da kashi 25 zuwa 34 cikin 100, ya fi PNG da kashi 26. Tun da Safari 14, burauzar Apple, ya fara buɗe shi a 2020, ba ni da sauran dalilin ƙin sa, kuma shi nake amfani da shi a kusan komai. AVIF na 2019 yakan fi shi ƙanƙanta, sai dai yana jan lokaci wajen sarrafawa, tsofaffin na'urori kuma ba sa gane shi. Tambari da ƙananan alamomi, SVG ne nasu, domin zane ne na lissafi da ba ya dishewa komai girman da aka ba shi. GIF na 1987 launi 256 kawai yake ɗauka, yana da nauyin tsiya. In motsi kake so, gajeren bidiyon MP4 ya fi.

Wuri biyu nake barin JPEG: hoton da ke fitowa idan an raba mahaɗar shafi a Facebook da makamantansa, wanda ake yi 1,200 da 630, sai hoton cikin saƙon imel. Masu iPhone kuma su lura, tun 2017 wayar tana adana hoto a HEIC, wanda yawancin burauzoji ba sa nunawa. A juya shi tukuna.

Mataki na 7: Matse

A gefen dama na Squoosh zaɓi WebP, sa inganci a 75. Akwai layi a tsakiyar hoton da ake ja hagu da dama, ɓangare ɗaya asali, ɗayan wanda aka matse. Zuƙo ka duba wurare uku da lalacewa ke fara bayyana: sararin sama ko bango mai launi ɗaya, inda za ka ga layi-layi, fatar fuska, inda take yin dabbare-dabbare, da gefen haruffa. In ba ka ga komai ba sauka zuwa 70, sannan 65, har sai ka fara gani, sai ka koma sama da taki ɗaya. Kwafin 1,600 yana jure matsi fiye da na 800.

Ma'aunina, ba doka ba ce: hoton cikin rubutu ƙasa da kilobayit 100, babban hoton sama ƙasa da 200. Hoto mai ganye, gashi ko tsakuwa da yawa zai ƙi sauka. Kada ka yi masa dole, rage faɗinsa kaɗan ko ka ƙara yankewa.

Kada ka matse abin da aka riga aka matse. Duk adanawa a JPEG ko WebP tana ƙara zubar da wani abu, shi ya sa kullum daga foldar asali ake komawa.

Kyamara tana binne bayanai a cikin fayil, waɗanda ake kira EXIF: irin wayar, rana da lokaci, wani sa'in har da ainihin wurin da aka tsaya. Ka ɗauki hoton kaya a ɗakinka ka ɗora haka, ka ba duniya kwatancen gidanka. Squoosh yana zubar da su idan ya sake sarrafa hoton, amma buɗe bayanan fayil ɗin ka tabbatar. Idan da ExifTool, manhajar gyara waɗannan bayanan, ka goge, duba hoton daga baya, domin umarnin da ke cewa “wannan a tsaye yake” yana cikin bayanan, hoton yana iya kwantawa.

In hotunan suna da yawa, TinyPNG yana karɓar 20 a tashi ɗaya, amma ka sani sabarsu suke zuwa. Mai iya rubuta umarni ya yi amfani da cwebp ko ImageMagick. Hattara da umarnin mogrify na ImageMagick, a kan fayil ɗin da ka ba shi yake rubutawa.

Mataki na 8: Suna da bayanin madadi

IMG_4821 ba suna ba ne. Sa wanda ke faɗin abin da ke ciki, da ƙananan baƙaƙe, da gajeren layi tsakanin kalmomi: makaniki-na-gyara-inji-800.webp. A sunan fayil kawai nake ajiye ƙ, ɗ da ɓ in rubuta k, d, b, domin a adireshi sukan rikiɗe su zama lambobi da alamar kashi cikin ɗari, wata sabar ma ta kasa samo fayil ɗin.

Bayanin madadi, wanda ake rubutawa a alt, shi manhajar karanta allo take karanta wa makaho, shi ke fitowa idan hoton ya ƙi buɗewa, injin bincike ma yana duba shi. Rubuta kamar kana kwatanta wa mutum ta waya: “Makaniki yana kwance murfin injin mota da sifana.” A nan rubuta Hausarka daidai da ƙugiyoyinta. Kada ka fara da “hoton”, manhajar ta riga ta sanar. Kada ka jera kalmomin bincike. Hoton ado zalla a bar alt ɗinsa wayam, amma kada a cire shi gaba ɗaya.

Mataki na 9: Ɗora

Mai rubuta shafinsa da hannu, ga fasalin:

`<img src="inji-800.webp" srcset="inji-800.webp 800w, inji-1600.webp 1600w" sizes="(max-width: 800px) 100vw, 800px" width="800" height="600" loading="lazy" alt="Makaniki yana kwance murfin injin mota da sifana">`

srcset da sizes suna ba burauza damar zaɓar kwafin da ya dace da allon. width da height suna sa ta tanadi gurbin tun kafin hoton ya iso, don kada rubutu ya yi tsalle mutum yana tsakiyar karatu. loading="lazy" yana jinkirta sauke hoto har sai mai karatu ya kusa isa gare shi. Kada ka sa wa babban hoton sama wannan jinkirin, shi ake so ya riga kowa zuwa; fetchpriority="high" ya kamace shi.

WordPress, manhajar gina shafi, yana yi maka yawancin wannan. Yana fitar da srcset da kansa, yana jinkirtawa tun fitowa ta 5.5, yana karɓar WebP tun 5.8 da AVIF tun 6.5, matuƙar sabarka ta iya sarrafa su. Tun 5.3 yana kuma rage duk hoton da ya wuce 2,560, amma 2,560 ɗin ma ya yi wa gurbin rubutu yawa, kada ka dogara da shi. Alt kuwa kai za ka cike.

Mataki na 10: Gwada

Sa adireshin shafin a PageSpeed Insights, ka duba sakamakon waya, ba na kwamfuta ba. Lamba biyu suka shafe ka. LCP shi ne lokacin da mafi girman abin da ke allon farko yake ɗauka kafin ya bayyana, galibi hoton sama ne, ana so kada ya wuce daƙiƙa 2.5. CLS yana auna tsallen shafi, kada ya haura 0.1. A ƙasa za a lissafa hotunan da suka fi gurbinsu girma, koma foldar asali ka sake fitar da su.

Sannan ɗauki waya, kashe wayifai, buɗe shafin da data a tagar sirri ta burauza. Kwamfutarka ta riga ta adana hotunan a ma'ajiyarta, kullum za ta nuna maka shafin yana gudu.

Wannan ma'ajiyar ce kuma take ruɗa mutane idan sun musanya hoto: ka ɗora sabo da sunan tsohon, ka buɗe, ka ga tsohon yana nan daram. Ba ɗorawar ce ta ƙi ba. Sake wa fayil ɗin suna, inji-800-b.webp, gyara adireshin a shafin, sabon zai fito wa kowa nan take.